Ziyarar Zangon Daura: Ƙuduji Bai San Iyaka Ba

Daga Daura muka miƙi hanyar gabas zuwa Zango, damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai. Ni baƙo ne daga Zariya, kuma abin da ya fara ɗaukar idona shi ne furen ƙuduji birjik a gindin hatsi. Dattijon da ya sauke mu ya ce da ni, "Malam, wannan ciyawa ba ruwanta da iyaka. Yadda take cin gonata, haka take cin ta ɗan'uwana a ƙasar Damagaram."

Maganarsa ta tsaya mini a rai. Masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru sun daɗe suna nazarin ƙuduji, haka takwarorinsu na cibiyoyin INRAN da ICRISAT a Nijar. Sai dai wasu da Turanci suke rubutu, wasu da Faransanci, sakamakon kuma yana warwatse a mujallu da ɗakunan karatu. Ɗalibi kan sha wuya kafin ya tattaro shi.

A irin wannan matsala ake ganin amfanin Wikidata, rumbun bayanai da ƙungiyar Wikimedia ta Jamus ta buɗe a intanet a 2012. Kowane abu, gari ne ko tsiro ko masani ko maƙala, ana ba shi lamba guda mai farawa da Q, sannan a ƙulla shi da sauran: maƙala kaza kan tsiro kaza take, wane ya rubuta ta, a cibiya kaza yake aiki. Ko ka nemi ƙuduji, ko wuta-wuta, ko Striga hermonthica, muddin an shigar da sunayen, lamba ɗaya za ta kai ka. Ita ce kuma ke hana kwamfuta rikita Zangon Daura da Zangon Kataf. Abubuwan ciki sun haura miliyan 100, kowa na iya ɗiba kyauta, kowa na iya ƙarawa. A 2021 ma an zaɓi Hausa cikin harsunan da za a fi mayar wa hankali wajen tattara kalmomi.

Amma rumbu ba ya cika kansa. Ina kira ga malamai da ɗaliban Daura da na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa su shigar da ƙauyukan Zango, da ire-iren hatsinta, da binciken da suka kammala, domin masanin Samaru da na Damagaram su san aikin juna, manomi ya amfana.