Rinin Tufa a Gida

Tufa takan tsufa iri biyu. Wata takan yage, wata kuwa launinta ne kawai ke koɗewa, saƙarta tana nan da ƙarfinta. Wadda ta yage maganinta allura da zare. Wadda ta koɗe kuwa, ko wadda a ke so a sāke mata kama, maganinta rini.

Mutanen ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wannan sana'a. A birnin Kano akwai marinar Ƙofar Mata, wadda aka ce an kafa ta tun shekarar 1498, har yau kuwa ana rini a cikinta. Wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda fatake ke kai rinannun tufafin Kano ƙasashe masu nisa, har Tambutu. Amma ba a marina kaɗai a ke rini ba. Ana yinsa ma a cikin gida, a tukunya.

A wani ƙauye kusa da Kura akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Ana gab da ba da hutu sai hedimasta ya ce in an komo kowace yarinya ta zo da shuɗiyar riga. A shekaran nan kuwa damina ba ta yi kyau ba, uban yarinyar ba shi da abin da zai sayar ya yi mata ɗinki. Abin da ta mallaka duka farar riga ce ta auduga, wadda yayarta ta bar mata. Ta komo gida ta zauna a gindin rumbu tana kuka, don tana tsoron kada a kore ta daga makaranta.

Kakarta ta gan ta, ta ce, "Ke kishiyata, me aka yi miki?" Yarinya ta kwashe labari ta gaya mata. Tsohuwa ta karɓi riga, ta murza ta, ta ja ta, sa'an nan ta ce, "Auduga ce, kuma da sauran ƙarfinta. Share hawayenki."

Tsohuwan nan tana da shuni a ajiye. Shi shuni daga ganyen baba a ke samunsa. Akan yanko baba, a daka, a cuccura, a shanya har ya bushe. Ta tara toka, ta tace ruwanta cikin wata babbar tukunya, ta farfasa shuni ta zuba, ta rufe. Kullum safe da yamma takan buɗe ta motsa da sanda a hankali.

Ran kwana na uku yarinya ta ƙosa. Ta faki idon kakarta ta tsoma wani tsumma cikin tukunya. Da ta ɗauraye shi sai launin ya bi ruwa, tsumma ya komo kamar yadda ya ke. Kaka ta yi dariya ta ce, "Baba bai nuna ba tukuna. Mai haƙuri shi ke dafa dutse." Sai da aka yi wajen mako guda, sa'an nan kumfa mai shuɗi ta taso a bakin tukunya, wari kuma ya cika tsakar gida. Tsohuwa ta ce, "To, yanzu ya nuna."

Ta sa yarinya ta wanke rigar tas da sabulu, domin rini ba ya kama wurin da ke da maiƙo ko dauɗa. Ba ta bari ta bushe ba, da danshinta ta tsoma ta, don launi ya shiga ko'ina daidai, kada ya yi dabbare-dabbare. Ta yi ta matsa ta a ƙarƙashin ruwa, jim kaɗan ta tsamo. Sai ga riga ta fito kore-kore, kamar ɗanyen ganye. Yarinya ta ce, "Wayyo Kaka, kin ɓata mini riga!" Tsohuwa ta ce, "Buɗe ta ta sha iska, ki zuba ido." Kafin a jima kore ya fara gushewa, shuɗi ya bayyana.

Ga dalilin wannan abin mamaki. Launin da ke cikin baba ba ya narkewa a ruwa. Amma in aka jiƙa shi da ruwan toka ya kwana biyu, waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani sukan sāke shi, har ya narke ya ratsa zaren auduga. In an tsamo tufa, iska ta buge ta, sai launin ya koma shuɗi, ya maƙale cikin zare. Don haka tsomawa guda ba ta isa. Sau biyar aka tsoma rigan nan ana shanyawa, kowane karo shuɗinta na ƙaruwa. Daga nan aka ɗauraye ta har ruwa ya fito garau, aka shanya a inuwa.

Da ta bushe sai aka ga bakin ɗinki yana nan fari fat. Ashe tela da zaren roba ya ɗinka ta, shi kuwa ba ya shan baba kamar auduga. Yarinya ba ta damu ba. Ran da aka komo hutu ta sa rigarta ta shiga layi tare da 'yan'uwanta, har waɗansu suna tambayarta wane tela ne ya yi mata ado da farin zare.

Mai son rini a gida ya kamata ya san abu biyu kuma. Na fari, launi daga haske ya ke tafiya zuwa duhu. Farar tufa takan zama shuɗiya, rawaya in ta shiga baba takan zama koriya, amma baƙa ba ta komawa fara. Na biyu, a zamanin nan mutane da yawa da garin rini na kanti su ke aiki, domin tun 1897 aka fara sayar da shunin da a ke haɗawa a masana'anta a ƙasar Jamus. Wannan ya fi sauri, amma akan haɗa shi da soda mai ƙone fata da ido. Saboda haka aikin manya ne, a fili inda iska ke kaɗawa, da safar hannu ta roba. Tukunyar da aka yi rini a cikinta kuwa ba a sāke dafa abinci da ita.

Kafin mutum ya yar da tufa, ya dube ta da kyau. In saƙarta na da ƙarfi, toka da ganye da haƙurin mako guda sun isa su mai da ita sabuwa.