Sunan Kowa Ba Ya Zama Naka

Mu a gidanmu da ke Kwarbai, cikin birnin Zariya, tambari biyu muka sani: wanda ake bugawa a fada, da zagayen nan da ake ɗinkawa a bayan babbar riga. Na uku, wato alamar da ɗan kasuwa kan sa wa hajarsa, shi ne ya ba ni kunya.

Kawuna maɗinki ne, ya fi shekara talatin yana ɗinkin aska biyu da aska takwas. Da ya ji wasu na sayar da aikin keke suna cewa nasa ne, sai ya kira ni ya ce, "Kai da ke karatun Hausa a Samaru, raɗa mana suna mu yi rajista." Ni kuwa na hura hanci, na ce, "Kawu, a sa Ɗinkin Zariya Na Asali." Aka biya kuɗi, aka aika ofishin rajistar tambari a Abuja. Bayan 'yan watanni amsa ta zo, an ƙi. Kuɗin zaren Kawu suka bi ruwa.

Sai a sa'an nan na nemi Dokar Tambarin Kasuwanci ta 1965 na karanta. Ashe laifin nawa ne. Zariya sunan gari ne, duk maɗinkin da ke cikin ganuwa yana da haƙƙi a kansa. "Ɗinki" da "na asali" kuwa bayanin haja ne kawai, ba su bambanta rigar Kawu da ta maƙwabcinsa ba. Haka kuma akan ƙi alamar da ta yi kama da wadda wani ya riga ya yi wa rajista a irin wannan haja, ko mai ruɗin masu saye.

To, jama'a, matambayi ba ya ɓata. Kafin ka biya ko kwabo, sa a bincika maka rajistar. Ƙirƙiro kalmar da ba ta faɗi gari ko ingancin kaya ba. Ko an karɓa, za a buga ta a mujallar ofishin, a ba masu ƙorafi wata biyu. In ta tsallake, taka ce har shekara bakwai, sa'an nan ka sabunta.

Da na je ba Kawu haƙuri, bai ko ɗaga kai daga ɗinkinsa ba. Ya ce, "Sake raɗo wani, amma wannan karon daga aljihunka." Yanzu haka ina tara kuɗin.