Babur Ba Ya Mutuwa Banza

Jama'a, Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Mu kuwa yau muna so mu ƙara da cewa babur ma ba ya mutuwa banza. Duk sa'ad da ya ƙi tashi akwai dalili, dalilin nan kuwa sau da yawa ƙanƙane ne, rashin sani ke mai da shi babba. A bakin hanya aka koya mana wannan karatu, muna tsaye cikin taɓo, rana tana shirin faɗuwa. Ga yadda abin ya faru.

Cikin daminar 2022, shekarar da ruwa ya yi ɓarna mai yawa a Jihar Jigawa, ya ci gonaki ya rushe gidaje, aka bugo mana waya daga wani ƙauye na ƙasar Guri, inda ƙanwarmu ke aure. Aka ce ɗanta na fari, yaro ɗan shekara huɗu, ya kwana biyu zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi. Malamin asibiti ya duba shi, ya faɗi maganin da za a ba shi, amma ruwa ya yanke hanyar mota, magani kuwa ya ƙare a can. Bayan azahar muka sayi maganin a Haɗeja, muka ƙulle cikin leda muka sa aljihu. Da mu da wani ƙanenmu muka hau baburinsa, shi yana tuƙi muna baya.

Wanda bai san ƙasar nan ba, bari mu ɗan kwatanta masa. Kogin Haɗeja daga ƙasar Kano ya ke tahowa. Da ya wuce birnin Haɗeja sai ƙasa ta shimfiɗe, ruwa ya rarrabu rassa-rassa, ya malala cikin fadamu har wajen Nguru, sa'an nan ya gamu da na Jama'are su zama kogin Yobe, su nufi Tafkin Cadi. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Calawa a 1992, tafiyar ruwan ta sake. Ana sako shi rani da damina, ciyawar nan kacalla ta sami wurin zama, ta toshe magudanai da yawa. Ruwa kuwa in an tare masa hanyarsa, ta mutane ya kan bi.

To, da muka rabu da kwalta, ba mu yi nisa ba sai ga wuri inda ruwa ya haye hanya, faɗinsa ya yi taki hamsin. Ƙanenmu ya tsaya ya ce, "Yaya, mu sauka mu tura?" Muka ce, "Ina lokacin? Ba shi wuta mu wuce!" Ya bi maganarmu, don mu ne manya. Ruwa ya yi ta hawa har ya kusa rufe inji. Saura kaɗan mu fita, babur ya yi tari sau biyu, ya yi tsit. Muka sauka muka tura shi tudu, abin da muka ƙi yi tun farko.

Ƙanenmu ya hau bugu. Ya buga, ya buga, shiru. Muka ce bai iya ba, muka karɓa. Muka ja cok, muka murɗa mai, muka yi ta taka shi har gumi ya jiƙa mana riga. Muka ciro waya, ba ta kamawa a wurin. Sai muka koma neman mai laifi: wai ɗan bumburutun da ya sayar mana da fetur ya zuba masa ruwa, wai babur ɗin ya tsufa. Duk tsawon lokacin nan ba wanda ya sunkuya ya dubi inji. In mun taɓa aljihu mun ji ƙullin magani, sai gabanmu ya faɗi, mu sake hawa bugu.

Muna cikin haka sai ga wani dattijo ya ɓullo daga gefen gonar shinkafa, wando a naɗe har gwiwa, jikansa na biye. Ya ce, "Sannunku da aiki, samari." Muka ce, "Yauwa, Baba, sannu." Ya dubi babur, ya dubi ruwa, ya ce, "Cikin ruwa ya mutu, ko sai da kuka fita?" Muka ce cikin ruwa. Ya ce, "Af! Ku bar bugunsa haka nan. In ya sha ruwa da yawa, bugun nan na iya lanƙwasa sandar fistin, don iska ce ke matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Allah ya taimake ku." Da muka gaya masa abin da ke aljihunmu, bai ƙara wata magana ba, sai ya tambayi kayan aiki. Aka buɗe ɗan akwatin gefen babur, ba kome ciki sai tsohuwar takarda. Ya aiki jikansa bukka, yaro ya sheƙa ya ɗauko wata jaka.

Ya tsuguna ya ce, "Ku matso ku gani, don gobe ba ni nan. Abu uku inji ke bukata, mai da iska da wuta. In sun cika ya tashi, in bai tashi ba ɗaya ya ɓace. Ɗaya-ɗaya a ke nemansu, daga mai sauƙi a ke farawa."

Ya duba makulli ya ga a kunne ya ke. Ya girgiza tanki, muka ji motsin fetur. Ya zare tiyon da ke kai mai kafireta, ya buɗe famfo, mai ya zubo sosai, ya mayar. Ya ce, "Ɗan bumburutu dai ya fita, ku nemi gafararsa."

Sa'an nan ya sa sifana ya kwance fulogi, ya ce ƙanenmu ya buga babur haka nan ba fulogi. Da ya buga sai feshin ruwa da mai ya fito ta ramin. Aka yi ta yi har ramin ya daina feshi. Dattijo ya buɗe iyakilina, watau wurin da a ke tace iskar da inji ke shaƙa, ya ciro sosonta sharkaf. Ya matse shi, ya nemi busasshen tsumma, babu. Muka tuɓe hularmu muka miƙa, aka naɗe soso ciki aka ƙara matsewa, aka shanya a kan sirdi.

Daga nan ya kawo gwangwanin tumatir ya tara ƙarƙashin kafireta, ya sassauta wata 'yar ƙusa da ke gindinta, abin da ke ciki ya tsiyaye. Ya ɗaga gwangwani ya nuna mana: ga fetur a sama, ga ruwa ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya a ƙasa. Ya ce ruwa ya fi fetur nauyi, shi ya sa ya kan kwanta a gindin kafireta, daidai inda inji ke zuƙa.

Saura wuta. Ya goge bakin fulogi, ya ce shi ne harshen inji, shi ke faɗin ciwonsa. In ka gan shi ƙasa-ƙasa a bushe, lafiya lau. In baƙi ne da kunkunniya, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. In ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan, inji na zafi. Namu kuwa a jiƙe ya ke, rabi ruwan kogi, rabi man da muka ɗura masa da cok da murɗa hannu. Ya sa aka gusa da babur nesa da inda fetur ya zube, ya mai da fulogi cikin hularsa, ya jingina ƙarfensa jikin inji, aka buga. Ba wuta. Ya zare hular, ya karkaɗe, ya hura, ya goge ta ciki da waje har wayarta. Aka sake bugawa, sai ga tartsatsi shuɗi, ƙyas, ƙyas!

Kafin ya rufe aiki ya ciro ma'aunin baƙin mai ya duba. Ya ce da ya yi fari kamar koko, da ruwa ya shiga, ba mai tafiya da shi. Namu da sauran baƙinsa, amma lalle a juye shi gobe. Ya mai da kome wurinsa, ya kashe cok, ya ce, "Bismilla." Bugu na uku babur ya kama, salansa ta tofar da ruwa da farin hayaƙi. Mu mun yi kusan sa'a guda muna fama, shi ko rabin sa'a bai cika ba.

Muka ciro kuɗi, ya ƙi ko kallo. Ya ce, "Ku kai wa yaro magani. In kuna son biyana, ku sayi sifana." Muka tambaye shi ina ya koyi aikin bakanike. Ya yi dariya ya ce shi manomi ne. Da jigo ya fara ban ruwa yana saurayi, har ƙananan injunan ban ruwa suka shigo fadama wajen shekarun 1980. In inji ya mutu tsakiyar rani, bakanike na Haɗeja, tattasai na ƙonewa, wa za ka jira? Ƙishirwar tattasai ta koya masa.

Mun isa bayan magariba. Aka ba yaro magani a daren, bayan kwana uku ya miƙe yana wasa, alhamdu lillahi. Amma har yanzu in muka tuna sa'ar nan da muka ɓata, sai jikinmu ya yi sanyi, gama zazzaɓin yara ba ya jiran kowa.

Abin da ya fi ba mu kunya shi ne, injin nan ba sabon abu ba ne. Tun 1876 wani Bajamushe, Nikolaus Otto, ya ƙera irinsa, a 1885 kuma Daimler ya ɗora inji a kan abin hawa mai ƙafa biyu. Aikinsa huɗu ne kurum: fistin ya sauka ya zuƙo mai da iska, ya hau ya matse su, fulogi ya ƙyasta wuta su fashe su tura shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. Ko Boxer ka ke hawa, ko injin ban ruwa ne irin na dattijon nan, ka'idar ke nan. Kakanninmu na Haɗeja mahaya dawaki ne, mai doki kuwa ya san kofatonsa, ya san ciwon cikinsa, ya san ruwan da zai iya ratsawa da shi. Mu mun gaji hawa, mun bar sanin abin hawa. Muna da takardun makaranta a akwati, amma ba mu san inda baburinmu ke shaƙar iska ba.

Saboda haka, 'yan'uwa masu babura, musamman ku mazauna bakin fadama, ga shawara. Kada ku fita ba sifanar fulogi, da sukudireba, da fulogi guda na ajiya, da busasshen tsumma cikin leda. In kun tarar da ruwa a hanya, ɗaya ya shiga da ƙafa ya auna. In zai kai bakin salansa ko iyakilina, ku kashe inji tukuna, ku nemi masu taya ku ɗauka, ko ku sa shi a kwalekwale. In kuwa ya riga ya mutu a ciki, kada ku buga sai kun cire fulogi. Sannu ba ta hana zuwa, gaggawa ce ta kusa hana mu.

Dattijon nan ba mu ko tambayi sunansa ba, don sauri. Allah ya saka masa da alheri, ya yi wa gonarsa albarka. Sifana kuwa mun saya tun a makon nan, tana cikin akwatin babur. Allah ya kiyaye mana hanya, amin.