Wa Zai Karɓi Gwaggo?

A kusan kowane gida da ke da tsoho a kwance, daga Bebeji har Doguwa, akwai mutum ɗaya da ba ya zuwa ko'ina. Yawanci mace ce, 'ya ko suruka. Idan an je gaisuwa, jikin tsohon ake tambaya, ita kuwa a ce mata "sannu da ƙoƙari" a wuce.

A gidanmu Gwaggo ce. Tun da ɓarin jikin Kaka ya shanye, ita ke yi mata wanka, ta ba ta kunu a baki, ta juya ta cikin dare, ta wanke zannuwa kafin gari ya waye. Shekara uku ba ta je taron Zumuntar Mata ba. Kawunnaina da ke Kano da Kaduna suna aiko da kuɗin magani, Allah ya saka musu, amma kuɗi ba ya ɗaga mara lafiya. Bayanta ya fara ciwo, ta soma faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Da muka ce ta je ta huta, sai ta ce, "Mutane za su ce na gaji da uwata."

Wannan tsoron ne ya fi ɗaure mutanenmu. Alhali a Markus 6 Yesu da kansa ya janye almajiransa su huta, domin ko zarafin cin abinci ba su samu. A Fitowa 17 ma hannuwan Musa sun gaji, sai da Haruna da Hur suka tallafe su. Gajiya ba rashin ƙauna ba ce.

A Ingila, dokar kula da mabukata ta 2014 ta ba mai jinya damar hukuma ta duba bukatunsa, har a samo wanda zai karɓe shi na ɗan lokaci. A Najeriya an sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a 2018. Amma a garuruwanmu tsoho a ɗakinsa yake, hutun mai jinya kuwa daga dangi da ikilisiya zai fito.

Mu da rabin yini muka fara. Ran Lahadi 'yan mata biyu daga zumunta suka zauna da Kaka, Gwaggo ta je sujada. Kafin nan mun rubuta lokutan magani a takarda, ta koya musu juya ta duk bayan awa biyu don kada kwanciya ta jawo gyambo. Mata ke jinyar mace, maza na namiji, domin a kiyaye mutuncin tsoho. Bayan an gama kaka, matar kawu ta zo da hutunta na aiki ta kwana bakwai, Gwaggo ta tafi wurin 'yarta a Zariya. Da ta dawo, Kaka ce ta fara cewa fuskarta ta sake.

Ba dole sai an yi tafiya mai nisa ba. Yini guda a bakin madatsar ruwa ta Tiga, zuwa kasuwa ba tare da sauri ba, ko barcin dare ɗaya cikakke a gidan 'yar'uwa, duk hutu ne.

'Yan'uwa matasa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A taronmu na gaba mu rubuta gidajen da ke da mai jinya, mu raba ranaku. Kada mu ce mata "in kina bukatar wani abu ki faɗa", domin ba za ta faɗa ba. Mu ce, "Mama, Asabar da safe muna zuwa, ki shirya fita."

Ubangiji ya ƙarfafa masu jinya, ya ba mu zuciyar karɓarsu. Amin.