Keken Baba Ya Shiga Jami'a

Shekarar da ɗana ya samu shiga Jami'ar Kara, na yi murna ƙwarai, domin a gidanmu na Naki-Est ba a taɓa yin ɗan jami'a ba. To amma wata uku bai cika ba sai ga saƙonsa: "Baba, kuɗi sun ƙare."

Na kira shi muka yi lissafi. Jaka 25 nake aika masa kowane wata. Daga ɗakin da yake haya zuwa makaranta, mai zemijan na karɓar dala 60 zuwa, dala 60 dawowa. Ashe fiye da rabin guzurin a kan babur yake tafiya, yaro kuwa yana kwana da garin rogo. Ban ga laifin masu babur ba, tunda a 2022 litar mai ta kai dala 140.

Sai na jawo tsohon kekena, wanda na yi shekaru ina cin kasuwar Dapaong da shi. Bakanike ya sake masa taya da birki, na ɗora shi a mota zuwa Kara. Yaro ya ce: "Haba Baba, abokaina za su yi mini dariya." Na ce masa dariya ba ta hana barci, yunwa ce ke hanawa. Na tuna masa cewa a ƙasar Holan kekuna sun fi mutane yawa, malaman jami'a ma a kansu suke zuwa aiki. Nan kusa da mu a Wagadugu, mata da maza keke suke hawa, ba wanda ya raina su.

Yau yana cin abinci sau uku, har ya sayi littattafai. Abin da ya rage mini shi ne fargabar babbar hanyar Lome zuwa Cinkase, inda manyan motocin kaya ke wucewa dare da rana. Na saya masa fitila, na hana shi tafiyar dare.

Jama'ar zangon Sokode da na Dapaong, kekuna nawa ne ke tsatsa a zaurukanmu? Mu tara su, mu gyara, mu ara wa ɗalibanmu, wanda ya gama ya miƙa wa na baya. Mu kuma roƙi hukuma ta ware wa masu keke gefen hanya. Allah Ya tsare mana su, amin.