Wuni Ɗaya a Birnin Konni

Idan mutumin Legas ya ce zai tsallaka iyaka yawon wuni ɗaya, Seme yake nufi, ya bi gaɓar teku zuwa Kwatano. Mu a Illela ba mu da teku. Abin da ke gabanmu shi ne rairayi da Birnin Konni, tafiyar 'yan mintoci a kan babur.

Wani dattijo ɗan kabu-kabu ne ya yi mini jagora. Ya san wurin canza naira zuwa sefa, ya san yadda ake gaida jandarma. Da Hausa muka yi ciniki, muka ci tuwo; allunan hanya kaɗai suka koma Faransanci.

Bayan azahar ya ce, "Malam, ka san Nasara sun taɓa ƙone garin nan?" Ban sani ba. Daga baya na bincika: a 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta afka wa Konni, ta hallaka jama'a masu yawa. Da digirina na aikin jarida, a bakin ɗan kabu-kabu na fara jin wannan, kuma na ji kunya.

Sau biyu aka rufe wannan iyaka a 'yan shekarun nan: daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, bayan juyin mulkin Nijar. A rufewa ta biyu mahaifiyarsa ta rasu a Konni. Ya bi ɓarauniyar hanya cikin dare, ya tarar an riga an kai ta makwancinta.

Ya nuna mini maƙabartar daga kan babur, bai tsaya ba.