Kububuwa da ruwan jinin doki

'Yan uwa, mu manoman shinkafar Bakolori, daga Talata Mafara har Bakura da Maradun, ba sai an gaya mana kububuwa ba. Dafinta na cinye sinadarin da ke daskarar da jini, shi ya sa a asibiti ake zuba jinin mutum a kwalba a jira minti 20. In bai daskare ba, dafi ya shiga.

Maganin daga dabba yake. A riƙa yi wa doki ko tunkiya allurar dafin kaɗan-kaɗan, a ɗebi jini, a ware ruwansa, a tace garkuwar. Haka aka haɗa EchiTAb a Kosta Rika da Birtaniya. Asibitin Kaltungo kuwa ya yi mana nisa. Wane asibiti ne kusa da mu yake da shi a firij?